Kiwon kifayen siklid masu renon ƙwai a baki

Siklid dangin kifayen ruwan daɗi ne da masana ke kira Cichlidae. Da yawa daga cikinsu ba sa barin ƙwansu a kan dutse ko a cikin rami, uwar ce ke kwashe shi ta riƙe a bakinta har ya ƙyanƙyashe. Mafi yawan masu wannan ɗabi'a suna tafkunan Malawi, Tanganyika da Biktoriya, kuma daga can ne asalin irin da ake kiwo a tankunan gilashi na ado a gidaje. Karfasa ma, wadda ake kamawa a Tafkin Chadi da Kogin Neja, 'yar wannan dangi ce: macen Oreochromis niloticus a baki take renon ƙwanta.

Tanki da ruwa

Wanda masu fara kiwo suka fi zaɓa shi ne Labidochromis caeruleus, ɗan ƙaramin kifi rawaya daga Tafkin Malawi, domin bai kai sauran faɗa ba. Ruwan tafkin ba mai tsami ba ne, shi ya sa ake riƙe ma'aunin pH na tanki tsakanin 7.5 da 8.5, zafinsa kuma tsakanin digiri 24 da 28 a ma'aunin Salsiyas. Ana shimfiɗa yashi, a jera duwatsu masu koguna. Namiji ɗaya ake haɗawa da mata uku ko huɗu, saboda idan mace ɗaya ce zai dame ta da kora har ta jikkata. Ba a haɗa nau'o'i masu kusancin jini a tanki guda, don suna barbarar juna su ɓata iri.

Barbara

Namiji kan share wuri a kan yashi ko faffaɗan dutse, ya riƙa karkaɗa jiki a gaban mace. Su biyun sai su yi ta zagaya juna. Tana sakin ƙwai kaɗan-kaɗan, tana juyowa ta tsince shi da baki. A nau'o'i da dama namiji na da ɗigo-ɗigo masu kama da ƙwai a fiffikensa na ƙasa kusa da jela. Idan macen ta kai musu baki sai ya saki maniyyi ya haɗu da ƙwan da ta riƙe. Masanin dabbobi ɗan Jamus Wolfgang Wickler ne ya gabatar da wannan bayani a 1962.

Riƙo da rabuwa

Ana gane mace mai riƙo da kumburin ƙasan haɓarta, da motsa baki kamar mai tauna, wanda juya ƙwan ne don ruwa ya ratsa shi. Tana yin kusan mako uku a haka, galibi ba ta cin komai. Ƙwan ba shi da yawa, sau da yawa 10 zuwa 30 ne a irin wannan kifi, amma manya ne masu gwaiduwa sosai.

A nan ne mai kiwo ke da shawara mai wuya. Idan ya bar uwar a babban tanki, manyan kifaye za su cinye yawancin 'ya'yan da zarar ta sake su. Idan ya kama ta da wuri, firgita kan sa ta tofar da ƙwan ko ta haɗiye shi, abin da sababbin uwaye kan yi ko ba a taɓa su ba. Saboda haka yawancin masu kiwo kan jira kamar mako biyu, sannan su mayar da ita ƙaramin tanki mai ruwa iri ɗaya, ta sake su da kanta.

Wasu kuma buɗe bakinta suke yi a hankali cikin ruwa su zazzage 'ya'yan. Hakan na ƙara yawan waɗanda ke rayuwa, yana kuma sa uwar ta koma cin abinci da wuri, sai dai hannun da bai saba ba na iya ji mata ciwo a muƙamuƙi. In an ciro su tun suna ƙwai ko da jakar gwaiduwa a ciki, dole a sa su a 'yar na'urar da kumfar iska ke juya su, in ba haka ba su ruɓe. Uwar tana bukatar 'yan kwanaki na hutu da abinci kafin a mayar da ita, amma idan ta daɗe a waje sauran kan karɓe ta da faɗa kamar baƙuwa.

Renon 'ya'ya

'Ya'yan kan fito da tsayin kusan santimita ɗaya, suna iyo suna neman abinci. Ana ba su sababbin ƙyanƙyasar jatanlanden gishiri da ake kira Artemia, ko abincin kifi da aka murje ya zama gari, kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana. Matatar soso ce ta dace da tankinsu domin ba ta zuƙe su. Ragowar abinci na saurin ɓata ruwa, don haka ake canza wani ɓangare nasa a kai a kai. Ba a mayar da su cikin manya sai sun fi ƙarfin bakin babban kifin da ke tankin.