Kaburburan Baƙi a Hanyar Goro

Tun kafin zuwan Faransawa, Paraku da Jugu, wadda fatake ke kira Zugu, zango ne a kan hanyar goro. Ayari yakan taso daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya ratsa ƙasar Bargu, ya sauka a waɗannan garuruwa kafin ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiyar takan ci watanni, ba kowa ne kuwa ke komawa ba. Wanda ciwo ya kayar ko mahara suka kashe, sai abokan tafiya su yi masa sutura, su binne shi kusa da zango, da asuba madugu ya ta da ayari. Labari ba ya isa gida sai ayarin ya koma. Matarsa da 'ya'yansa ba za su taɓa ganin kabarinsa ba. Abin da ya rage musu shi ne addu'a da sadaka, kamar yadda Musulmi ke yi har yau ran uku da ran bakwai da ran arba'in.

Mutanen Bargu su ma ba su manta da nasu ba, gama a bikin Gani na Nikki sarki yakan ziyarci kaburburan magabatansa.

Saboda haka sa'ad da masu wa'azin Bishara suka iso, ba su tarar da mutanen da ke tsammanin rai yana ƙarewa a kabari ba. Abin da suka kawo shi ne labarin tashin Yesu Almasihu daga matattu, da begen cewa jiki ma zai tashi. An kafa yankin mishan na Katolika a Paraku a 1948, ya zama dayosis a 1964, Jugu kuma ta sami nata a 1995.

Tare da Ekklesiya ranar 2 ga Nuwamba ta shigo. Asalinta daga gidan sufaye na Kuluni ne a Faransa, inda shugabansu Odilo, wajen shekara ta 1000, ya umarta a keɓe rana ɗaya domin yi wa dukan masu bi da suka rasu addu'a. Dukansu ya ce, har da waɗanda ba wanda ya san sunansu. Da wuya a sami ranar da ta dace da garin baƙi kamar wannan.

A ƙasar Benin ran 1 ga Nuwamba, Ranar Dukan Tsarkaka, hutu ce, don haka da yawa sukan je makabarta a ranar. A share ciyawa, a shafa farar ƙasa, a kunna kyandir, Fada ya yayyafa ruwa mai tsarki. Akwai dai masu kashe kuɗi a kan fenti fiye da lokacin da suke ba addu'a, wannan kuwa abin gyara ne. 'Yan'uwanmu na ikkilisiyoyin da mishan na SIM ya kafa tun daga 1946 ba sa yi wa matattu addu'a, sai godiya domin rayuwarsu, amma a kan tashin matattu bakinmu ɗaya.

Bishop na fari na Jugu, Paul Vieira, ya rasu a 2019, kuma akwai masu tuna shi da suna. Baƙon da ya zo neman abinci daga Nijeriya ko Nijar, wanda kabarin mahaifinsa ke can nesa, ba shi da wurin kunna kyandir. Sai ya tsaya cikin taro, ya ambaci sunan a zuciyarsa sa'ad da Fada ya roƙa domin dukan waɗanda suka riga mu.