Daga Ƙofar Wambai zuwa Sabha: Tarihin Kaset da Faifai a Fataucinmu

Duk shekara idan bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya matso, mukan zaɓi haja guda daga cikin hajojin da suka ciyar da mu a wannan hanya mu ba da tarihinta. Bana zance ya faɗo kan kaset da faifan bidiyo, kuma da dalili. Mai gidan da muke haya a unguwar Gurda ya nemi ɗakin ajiyarsa, da muka je kwashe kaya sai muka tarar da katan-katan na tsofaffin faifai da kaset waɗanda ƙura ta rufe. A taron da ya wuce kai ya rabu. Matasa suka ce a zubar, tunda hotonsu dishi-dishi ne kuma babu mai saye, dattawa kuma suka ce a dakata. Kafin a yanke hukunci, ga abin da muka sani game da waɗannan kaya, domin waiwaye adon tafiya ne.

Hanya ta girmi hajar

Tun kafin a san wani abu wai shi bidiyo, kakanninmu suna bin wannan hamada. Ayari yakan tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas ko Bilma, ya sauka zango a Gat ko Murzuƙ, wadda a lokacin ita ce babbar birnin Fezzan, sannan a miƙa Tarabulus. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya ratsa Murzuƙ a 1850 ya isa Kano a 1851, kuma ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano suna kaiwa har Murzuƙ da Gat da Tarabulus. Shekarar 1911 ce ta karya ƙashin bayan wannan ciniki, domin a cikinta layin dogo ya iso Kano daga bakin teku, a cikinta kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Raƙumi ya rasa kaya.

Hanyar ta sake rayuwa da mota. A shekarun 1990, lokacin da takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1992 ya hana jiragen sama shiga Libiya, gwamnatin ƙasar ta juya fuska zuwa kudu, har aka kafa ƙungiyar ƙasashen Sahel da Sahara a Tarabulus a 1998. Mutanenmu suka yi ta shigowa ta Dirku da Madama da Tumo da Gatrun, wasu aikin gona, wasu gini, wasu ɗinki da gyaran mota. Muna kawo raƙuma da tumaki, muna komawa da dabino da taliya da barguna. Duk inda Bahaushe ya yi zaman baƙunta kuwa, bayan abinci babu abin da yake nema kamar ya ji harshen gida.

Zamanin kaset

Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da kaset ɗin VHS a 1976. A Kano, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mabuɗin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo. Kafin ƙarshen waɗannan shekaru harka ta bunƙasa, Sangaya ya fito a 1999, Wasila ya biyo baya a 2000, mujallun Tauraruwa da Fim suna ba da labarin 'yan wasa, sunan Kannywood ya kama bakin mutane. A 2001 Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai.

Cibiyar sari ita ce kasuwar Ƙofar Wambai da Bata. Mai shirya fim yakan buga kwali ya kawo tare da uwar kaset, 'yan kasuwa su sayi kwalin su kwafi fim ɗin a kan kaset ɗinsu. Daga nan dilolinmu suke ɗauka zuwa Maraɗi da Damagaram, a haɗa da na tafsiri da na wa'azi da na mawaƙa, a loda a Agadas.

Kaset kaya ne mai wahalar dako. Yana da kauri, yana cin wuri, direba kuwa da wuri yake lissafin kuɗinsa. Zafin hamada yana lanƙwasa robarsa, rairayi yana shiga zarensa, in ka sa shi a bidiyo ya cinye maka kan inji. Amma wannan wahala ita ce ribarmu. Kwafar kaset tana ɗaukar tsawon fim ɗin gaba ɗaya, kuma duk kwafin da aka yi daga kwafi sai hoto ya ƙara lalacewa. Saboda haka mai gidan kallo a Gurda ko Mahdiya ya gwammace ya biya tsada ya sami wanda ya fito daga Kano kai tsaye. Waɗanda suka zauna a nan a lokacin suna tuna daren Alhamis, an cika ɗaki an zauna a tabarma, shayi yana zagawa, Ibro yana kan talabijin, mutumin da ya yi wata shida bai yi dariya ba yana share hawaye.

Faifai ya shigo

Faifan VCD ya girmi saninmu da shi. Kamfanonin Philips da Sony da Matsushita da JVC ne suka amince da tsarinsa a 1993. A Turai da Amurka bai yi kasuwa ba, amma a Sin da ƙasashen Asiya ya mamaye gidaje, daga can ne injinan kallonsa masu araha suka kwararo mana a farkon shekarun 2000. Faifai ɗaya yana ɗaukar minti 74 zuwa 80, hotonsa ɗigo 352 a kwance 288 a tsaye, wato kusan daidai da na kaset. DVD kuwa, wanda ya fito a Japan a 1996, hotonsa 720 da 576 ne, ninkin na VCD sau huɗu, cikinsa kuma yana ɗaukar gigabait 4.7.

Da farko mun yi murna. Wurin da kaset goma za su cika, faifai ɗari suna shiga. Ba ruwansa da naɗewar zare, ba a mayar da shi baya. Abin da ba mu hango ba shi ne kwafin faifai ba ya rage komai, na ɗari daidai yake da na farko, kuma VCD ba shi da wani makulli da ke hana kwafa. Da zarar yaro ɗaya ya sayi kwamfuta a Sabha, faifai guda ya ishe shi cika gari. Mu da muke cin abinci da nisan hanya, sai nisan ya daina zama haja. Daga baya aka kawo DVD masu fim goma ko ashirin a matse cikin faifai ɗaya, waɗanda hotonsu sau da yawa bai kai na VCD ɗin da ake rainawa ba. Wannan ya nuna mana cewa tun asali mai saye labari yake nema da araha, kyan hoto na biyu ne.

Sauran labarin kowa ya gani da idonsa. Yaƙin 2011 ya tarwatsa jama'armu, shaguna da yawa suka rufe, rikicin Sabha na watan Maris 2012 ya ƙara korar wasu. Waɗanda suka dawo sun tarar da masu tura fim a memori sun karɓe kasuwa. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kamfanin Funai ya ƙera injin kaset ɗinsa na ƙarshe a 2016, zuwa 2020 kuma masu shirya fim sun koma dogon zango irin su Labarina da Izzar So, ana kallo a tauraron ɗan adam da YouTube. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

To, faifan nan suna da sauran amfani?

A wajen ciniki, matasa sun fi mu gaskiya. Babu wanda zai zuba jarinsa a VCD yau ya fita. A kan talabijin mai inci 14 hotonsa ba laifi, amma a kan manyan allunan bango na yanzu fuskar mutum sai ta farfashe gida-gida. Ko a tsakanin Dirku da Tumo, inda babu sabis, memori ɗaya a waya ya fi katan guda na faifai sauƙi.

Sai dai da muka zauna muka tantance katan-katan ɗin, mun ga kaya iri uku ne. Na farko finafinan Indiya da na Sin da na Amurka, da na Hausa waɗanda masu su suka riga suka ɗora a intanet. Waɗannan duk mai so ya ɗauka.

Na biyu tsofaffin finafinan Hausa da karatun malamai waɗanda muka nema a intanet ba mu samu ba. Masu shirya fim da yawa a wancan zamani ba su adana uwar aikinsu ba, wasu sun rasu, kamar yadda Rabilu Musa Ibro ya rasu a watan Disamba 2014. Yana yiwuwa wani faifai mai ƙarce a ɗakin ajiyarmu yana cikin 'yan kwafin da suka rage. Hoto dishi-dishi ya fi babu. Waɗannan a kwafe su a adana, a nemi masu haƙƙinsu ko magadansu a Kano a miƙa musu, kada kowa ya mayar da su haja.

Na uku su ne namu na kanmu: bukukuwan aure da suna da aka yi a nan Sabha, gaisuwar Sallah, tarukan ƙungiya na farko. Bara wata baiwar Allah ta aiko daga Damagaram tana tambaya ko akwai mai hoton mahaifinta, direba ne da ya rasu a hanya tana goye. A cikin wani faifan taron Sallah muka same shi, yana zuba shayi yana magana, bai fi minti biyu ba. Muka tura mata ta waya. Wanda ya ji saƙon muryar da ta maido ba zai ƙara cewa a zubar da katan ɗin nan ba tare da an duba ba. Abin tsoro kuma shi ne irin waɗannan a kan faifan kwafi na shago aka ɗora su, su ne kuwa zafi da hasken rana suka fi saurin kashewa.

Shawararmu ga taro

Muna roƙon a ware kuɗi kaɗan daga asusu a sayi injin karanta faifai na kwamfuta, tunda sababbin kwamfutoci sun daina zuwa da shi, a kuma nemi injin kaset mai lafiya tun ana samu. Fim ɗin VCD yana cikin jakar da aka rubuta wa MPEGAV, kwafe shi kawai ake yi. A goge faifai da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a jera su a tsaye cikin inuwa, a rubuta sunayen mutanen da ke ciki tun dattawan da suka san su suna raye. A yi kwafi biyu, ɗaya a nan, ɗaya wajen 'yan uwanmu a Agadas, domin mun ga abin da dare ɗaya na rikici yake yi wa shago. Duk wanda yake da irin waɗannan faifai a gida ya kawo wa sakatare kafin ranar biki.

Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare na kan hanya, ya sa albarka a neman kowa. Amin.