Daga Peace Corps Zuwa Ajin Hausa a Amurka

'Yan uwa marubuta, kuɗin gwamnati na cikin abubuwan da suka yaɗa Turanci a duniya. A 1946 Amurka ta kafa shirin Fulbright. A 1961 matasan Peace Corps suka fara koyarwa a makarantun Nijeriya, shekara 30 kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa. A 1968 Fulbright ya buɗe reshen FLTA, mai kai matasan malaman Turanci jami'o'in Amurka su koyar da harshensu na gado, kuma yau Hausa na ciki.

To, idan malami daga Dutse ko Kiyawa ya samu gurbin, littafin wa zai buɗe wa ɗalibansa? Mu gyara ƙa'idojin rubutunmu, domin namu ya cancanci shiga jakarsa.