Makiyayin Tarka da Hukuncin Malaman Rum

Wanda ya bar Maraɗi ya yi arewa, ya wuce Kornaka ya isa Dakoro, zai ga gonakin gero suna raguwa sannu a hankali har kwarin Tarka, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma. Daga nan ƙasar makiyaya ce, Fulani da Buzaye. A Bermo, wadda a da take ƙarƙashin Dakoro, akwai mishan ɗin Katolika da ta daɗe cikin Woɗaaɓe. Kiristocin Nijar gaba ɗaya ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. To fadan da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin rijiya da ɗakin shan magani, cikin mutanen da ya san yawancinsu ba za su taɓa karɓar baftisma ba, me yake zaton makomarsu ranar gobe? Cocinsa ta shafe ƙarnuka kafin ta tsayar da amsa.

Tsohuwar ƙa'idar daga Afirka ta fito. Sifiriyan, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, wanda aka kashe a shekarar 258, shi ya fi shahara da koyar da cewa ceto ba ya samuwa a wajen Ikilisiya. Da Kiristocin da suka ɓalle yake yi, amma na baya suka faɗaɗa maganar. A 1442 majalisar Fulorans ta zayyana waɗanda wuta za ta ci in ba su shiga Ikilisiya kafin mutuwa ba: arna, Yahudawa, 'yan bidi'a da 'yan aware. Malaman wancan zamani suna ɗaukar cewa bishara ta riga ta game duniya, saboda haka duk wanda bai karɓa ba, ƙi ya yi. Duk da haka Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya riga ya raba rashin sani gida biyu. Akwai na sakaci, wanda mutum zai iya kawarwa in ya so, akwai kuma wanda ya fi ƙarfinsa, kuma wannan ba zunubi ba ne. Ya kawo misalin yaron da ya tashi a daji: in ya bi abin da hankalinsa ya nuna masa na alheri, Allah zai aiko masa mai wa'azi ko ya haskaka zuciyarsa.

Da wannan nauyi a zuciya wasu fadoji biyu 'yan ɗarikar Faransis, Karlo na Jenowa da abokinsa Seberino, suka bar Turabulus a 1710. Sun ji labarin wai akwai Kiristoci a wajajen Barno da Kwararrafa. Suka ratsa Fazzan, suka biyo ta Agadas, suka iso Katsina a 1711, a can ciwo ya kashe su duka biyun. Katsinar nan ce zuriyar sarakunanta suka kafa Maraɗi bayan jihadi. Sai 1931 Fada Faroud ya buɗe mishan a Yamai.

Abin da ya girgiza tsohon lissafin shi ne 1492. Turawa suka tarar da Amurka, nahiya guda cike da mutanen da shekara dubu da ɗari biyar ba wanda ya kai musu labari. Yaron dajin nan na misali ya zama miliyoyin bayin Allah. A jami'ar Salamanka ta Sifaniya, a 1539, Faransisko de Bitoriya ya yi wani karatu da nake ganin ya fi duk abin da aka faɗa a wannan babi nauyi. Cewa ya yi, don an karanta wa mutum saƙo sau ɗaya, bai zama dole ya gaskata ba. Sai an zo masa da hujja mai gamsarwa da hali na gari. Ya ƙara da cewa abin da yake ji daga Amurka labarin zalunci ne da abin kunya. Ke nan wanda ya ga addini a hannun mai ƙwace masa ƙasa, har yanzu kiran bai same shi ba, kuma tuhumar ta koma kan mai kiran.

Almajirin zaure ba zai ji wannan baƙo ba. Malamanmu sun daɗe suna tattauna hukuncin ahlul fatra, waɗanda manzanci bai riske su ba, suna dogara da aya ta 15 a Suratul Isra'i. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa waɗanda ba Musulmi ba kashi uku: waɗanda ba su taɓa jin sunan Annabi (SAW) ba, waɗanda suka ji gaskiyar siffarsa suka juya baya, da waɗanda tun suna yara ɓatanci kawai aka jiyar da su. Na ukun ya haɗa su da na farko wajen uzuri. Ya riga Bitoriya da fiye da shekara 400, kowannensu kuma yana tsaye daram a kan cewa addininsa ne gaskiya.

A Rum, Fafaroma Piyus na 9 ne ya shigar da batun cikin koyarwar hukuma, a jawabinsa na 1854 da wasiƙarsa ta 10 ga Agusta 1863. Wanda rashin saninsa ya fi ƙarfinsa, yana kiyaye dokar da Allah ya rubuta a zukata, yana rayuwar gaskiya, zai iya samun rai madawwami ta alherin Allah. A lura, ba rashin sanin ke ceto ba, laifin ƙi kawai yake ɗaukewa. Fafaroman ya kuma yi gargaɗin kada wani ya ce shi zai shata iyakar wannan uzuri. Da Fada Leonard Feeney na Boston ya dage cewa sai mai baftismar ruwa zai tsira, Batikan ta rubuto a 1949 cewa mutum na iya haɗuwa da Ikilisiya ta muradin zuciya ko da bai sani ba. A 1953 aka kori Feeney daga Ikilisiya saboda ƙin biyayya, ko da yake an mayar da shi kafin rasuwarsa.

Majalisar Batikan ta Biyu ta zo jim kaɗan bayan Hippolyte Berlier ya zama bishop na farko na Yamai a 1961. A takardarta ta 21 ga Nuwamba 1964 ta ambaci Musulmi da suna, a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya Mai jinƙai, waɗanda shirin ceto ya haɗa da su. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa Katolikan Nijar suka fi ba da ƙarfi ga makaranta da asibiti da rijiya a kan ƙirga tubabbu. Yankin bishop na Maraɗi, wanda aka yanka a 2001 aka ba Ambroise Ouédraogo ɗan Burkina Faso, ya haɗa Tawa, Damagaram, Agadas da Difa, a kan wannan turba ya tashi.

Maganar ba ta mutu ba. Masu riƙon tsohuwar koyarwa suna ganin an buɗe ƙofa har ta kashe himmar wa'azi, suna tuni da cewa takardar 1964 ɗin kanta ta ce sau da yawa mutane na ruɗuwa su ɓace. Malamin Musulunci na Dakoro kuwa ba zai yarda a sa shi cikin marasa sani ba. Ya san Annabi Isa da Nana Maryamu, ya karanta surarta, da saninsa ya ƙi aƙidar Triniti. Ko irin wannan ƙi yana cikin uzuri? Tun ƙarni na 17 wani malamin Katolika ɗan Sifaniya, Huwan de Lugo, ya amsa da cewa yana iya shiga, muddin mutumin da zuciya ɗaya yake bin abin da ya tabbata masa shi ne gaskiya.