Onnagata: Mazan da suka gaji gurbin mata a dandalin Japan

Mace ce ta ƙirƙiro Kabuki, shahararren wasan gargajiyar Japan, amma yau kusan shekara 400 ke nan maza ne ke fitowa a matsayin mata a babban dandalinsa. Sunan matar Okuni. A shekarar 1603 ta riƙa taka rawa a busasshen gefen kogin Kamo da ke birnin Kyoto, sanye da kayan maza, ga takobi a ƙugu, tana kwaikwayon samarin gari masu ji da kansu. Jama'a suka yi ca a kanta. Kafin a ce kwabo, ƙungiyoyin mata masu irin wannan rawa sun cika gari, da yawansu mata masu zaman kansu.

Nan ne rigima ta kunno kai. Mayaƙan samurai suka riƙa zare wa juna takubba a kan 'yan wasa, har gwamnatin gidan Tokugawa ta gaji, ta haramta wa mata hawa dandali a 1629. Aka koma sa samari ƙanana masu kyawun fuska, sai ga shi an gudu ba a tsira ba, domin faɗan bai canja zani ba. A 1652 su ma aka hana su. Da aka sake buɗe gidajen wasa, sharaɗin shi ne sai manyan maza, kuma dole su aske gashin goshi, wanda a lokacin shi ne adon saurayi.

Hukuma ta yi nufin rage wa wasan armashi ne. Amma ƙato mai askakken goshi da aka ce ya zama gimbiya ba shi da kyawun da zai dogara a kai, sai gwaninta. Wasu suka riƙa rufe askin da ƙyallen alharini mai launin shuni, kafin gashin kanti ya samu karɓuwa. Daga nan aka samu sana'ar da ake kira onnagata, wato mai ɗaukar siffar mace.

Wanda ya yi makarantar kwana ta maza ya san yadda ake ɗaura wa yaro zani da kallabi ranar wasan kwaikwayo, a sha dariya. Aikin onnagata ya yi hannun riga da wannan, domin shi hawaye yake nema. Yakan durƙusar da gwiwoyinsa kaɗan don ya rage tsawo, ya haɗe su wuri guda, ya karkatar da yatsun ƙafa ciki. Masu koyo sukan maƙale takarda tsakanin gwiwoyi su yi ta tafiya ba tare da ta faɗi ba. Allon kafaɗa kuwa ana janye shi baya a sauke, don wuya ya ƙara tsawo, kafaɗa ta zube. Hannu ya ɓuya cikin hannun riga, sai ɗan kan yatsu ke leƙowa. A haka mutum zai tsaya tsawon sa'o'i, da siririyar murya, wani lokaci ɗauke da kayan da suka haura kilo 20, kamar masu taka rawar Agemaki a wasan Sukeroku, kan dogayen takalman katako.

Yoshizawa Ayame na ɗaya, wanda ya rayu daga 1673 zuwa 1729, ya kai abin maƙura. A ganinsa onnagata ba ya tuɓe matsayinsa a bayan labule: yadda yake zama, yadda yake cin abinci, duk a tafarkin mata za su kasance. 'Yan baya sun sauke wannan nauyi.

Farar hodar da suke shafawa a da ma ta ci mutane, saboda a lokacin akwai dalma a cikinta. Nakamura Utaemon na biyar, gwanin zamaninsa, ya sha fama da gubar har ta nakasa masa jiki, amma bai bar dandali ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 aka sassauta dokar 1629, mata suka dawo wasan kwaikwayo, wasu suka ce kwanan onnagata ya ƙare. Masu kallo ba su yarda ba. Abin da suke zuwa gani wata siffa ce da aka sassaƙa tsawon ƙarnuka, mai ƙa'idoji kamar na kiɗan fada, wadda ko mace sai ta zauna ta koya.

Babban misali a yau shi ne Bando Tamasaburo na biyar, haifaffen 1950. Ba ɗan gado ba ne: ya fara koyon rawa ne yana yaro don ya farfaɗo daga shan inna, daga baya Morita Kan'ya na 14 ya ɗauke shi ɗa. A 2012 gwamnatin Japan ta sa shi cikin gwanayen da take ɗauka taskar ƙasa. A rawar Sagi Musume ya riƙa fitowa da fararen kaya ƙarƙashin laima, dusar ƙanƙara ta takarda na zubo masa, sai mataimaki ya lallaɓo ta baya ya zare 'yan zarurruka, farar riga ta zame, mai launi ta bayyana a ƙiftawar ido. Daga can saman bene kuma wani ya ƙwala masa kirari da sunan gidansu: Yamatoya!