Giginya Ba Ƙwallo Kaɗai Ba Ce

Da anka ce kowa ta kawo abin sawa a takardar bana, ni Giginya na zaɓa. Kullum muna jin sunan: filin wasan Giginya, barikin Giginya, otal ɗin Giginya. Amma tambayi ɗanki mene ne Giginya, ƙwallo zai ce miki.

Giginya fagen yaƙi ne. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903, sai sunka nufo Sakkwato, Kanar Morland na jan su. Ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fito da jama'a bayan ganuwa, anka gamu a Giginya. Namu da doki da mashi da kibau, su ko da bindiga mai ruwa. Yaƙin bai jima ba. Wasu sunka ƙi barin tuta har anka kashe su gindinta. Sarkin Musulmi ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli, Waziri Buhari ko ya zauna da jama'ar da ta rage.

To, wa ya yi takaba? Wa ya riƙe marayu? Kakanninmu mata, waɗanda ba a cika jin sunansu ba.

Shi ya sa nike cewa, duk ranar da za a gyara filin wasan nan, kada a bar wa 'yan kwangila kaɗai. Mu da munka ga gobarar Babbar Kasuwa a Janairun 2021 mun san masu zama wuri su sunka san ciwonsa. A kira dattawa, da malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da ma'aikatan ofishin tarihi na Waziri Junaidu, da mu. A kafa allo, boko da ajami, mai bayanin yaƙin. A ware wa mata masu fura da masa inuwa da makewayi.

Namu aikin ko ba sai mun jira kowa ba. Kowa ta zauna da tsohuwar gidansu a nan Unguwar Rogo, ta ji abin da ta gada game da zuwan Nasara, mu rubuta mu tara. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya jiƙan mazan jiya da matansu.