Addu'ar Ruwa a Jikin Azurfa

Akwai wani awarwaron azurfa da nake adanawa a akwatina, ƙirar mutanen Hopi na arewacin jihar Arizona a Amurka. Duk sanda na ɗauko shi sai in bi zanensa da ɗan yatsa: ga hadari ya haɗu hawa-hawa, ga ruwa na zuba a ƙarƙashinsa, ga karan masara a gefe.

Da can na ɗauka sana'ar ta kaka da kakanni ce, ashe ba ta daɗe ba. Wajen shekarar 1898 ne wani mutumin Hopi mai suna Sikyatala ya koyi ƙirar azurfa a wurin Lanyade, maƙerin ƙabilar Zuni. Aka yi shekaru kusan 40 ana ƙira, amma da wuya ka bambance aikin Hopi da na maƙwabtansu Navajo.

A 1938 Mary-Russell Colton, ta gidan tarihin da ke garin Flagstaff, ta shawarci maƙeran su waiwayi zanen da ke jikin tukwanensu da faifayensu da saƙarsu. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da maganar. Sai a 1947 aka buɗe aji domin samarin Hopi da suka dawo daga fagen daga, Paul Saufkie na koyar da ƙira, Fred Kabotie na koyar da zane. A 1949 suka kafa ƙungiyarsu ta haɗin gwiwa.

Aikin na masu haƙuri ne. Fallen azurfa biyu ake samu. Maƙeri ya yanke zane a na sama da siririn zarto, ya liƙa shi kan na ƙasa da wuta, ya baƙanta gurbin, ya bi shi da ƙananan sara, sannan ya goge saman har ya ɗau ido. A bayan kayan kuma ya buga tambarinsa, sau da yawa alamar dangin mahaifiyarsa, domin ta wajen uwa Hopi ke ƙirga dangi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tsufan zanen. An fi shekara 800 ana zaune a Oraibi, ƙauyen Hopi, ana shuka masara cikin rairayi, ana zuba wa sama ido. Wanda abincinsa ya rataya ga hadari, in ya zana hadari, roƙo yake yi. Shi ya sa nake riƙe wannan awarwaro da girmamawa, kamar yadda ake riƙe irin shuka kafin faɗuwar damina.